Kuɗin Ƙungiya Amana Ne

A birnin Birmingham na ƙasar Ingila akan yi babban taron nuna tsofaffin motoci kowane watan Nuwamba. Shin ya dace ƙungiyar masu sha'awar mota ta ɗebi kuɗin asusunta don jigilar motoci da ƙawata rumfa a wurin?

Ya dace, amma bisa sharaɗi. Mai haja ba ya ɓoye ta a ɗaka, kuma ƙungiyar da samari ba su gani ba za ta ƙare tare da dattawanta. Sai dai dukiyar nan ta kowa ce, har da wanda motarsa ba ta je ba. Saboda haka a yi shawara tukuna, a yanke abin da za a kashe. Bayan an watse a karanta lissafi a bainar jama'a: nawa ya fita, mutum nawa suka shigo. In babu ƙaruwa, baɗi a haƙura.