Soja Ɗan Gayya Ne, Ba Mai Gona Ba

Duk lokacin da aka kai wa wani ƙauyenmu hari, tun ba a gama binne matattu ba dattawan ikkilisiya sukan rubuta wa gwamna takarda, roƙonsu kuwa ɗaya ne: a kawo mana soja. Mu ma mun sa hannu a irin waɗannan takardu, ba mu kuwa ga laifin kowa ba, gama wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma 'yan'uwa, abin da muke roƙon nan shi ne maganin?

Sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya yarda sojoji su taimaki hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan shugaban ƙasa ya kira su. Taimako aka ce. Ɗan gayya yakan yi noma ya koma gida, ba ya gaje gonar. A Jos an kafa rundunar tsaro ta musamman a 2010, bayan rikicin watan Janairu, yaran da aka haifa a shekarar suka girma suna ganin shingen soja kamar da shi aka halicci hanya. Duk da haka a jajibirin Kirsimeti na 2023 mahara suka shiga ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi suka kashe mutum fiye da 100.

Ba zagin soja muke yi ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne, a hannunmu suka koyi katikisma, wasu kuma gawarsu aka kawo mana. Sai dai an hore su ne domin yaƙi. Ba aikinsu ba ne su bi sawun ɓarawon shanu, su ɗauki bayanin shaidu, su tsaya gaban alƙali har a yanke hukunci. Soja yana iya korar mai kisa yau, amma muddin ba wanda ya kai shi kotu, gobe zai dawo. Kayan yaƙi kuma ba sa tambayar suna: ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bom kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka mutu. Maƙwabtanmu ne, da majami'a ce ta cika a daren da mu ne.

Haka a kan iyaka. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka haɗa soja da kwastan da jami'an shige da fice. Kuɗin shinkafa ya hau, 'yan fasa-ƙwauri suka koma bin daji da babura, mace mai ƙaramin jari ita ta sha wuya, har aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020.

A Luka 3:14 sojoji sun je wurin Yahaya Maibaftisma. Bai ce su tuɓe kaki ba, ya dai gargaɗe su kan ƙwace da ƙazafi, ya sa musu iyaka. Wannan iyakar ce muka bar ta ta goge.

Saboda haka in dattawa suka sake zaman rubuta takarda, a nemi soja domin daren tsoro, amma a ƙara layi biyu: muna son ofishin 'yan sanda mai mota da mai a gundumarmu, muna kuma son a gaya mana ranar da waɗanda aka kama bara za su bayyana a kotu.