Wuta ba ta ci shi ba, ƙura ta ci shi

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, Kiristocin Nijar sun yi kukan Littattafai Masu Tsarki da suka zama toka. Kukan yana bisa hanya. To, wanda ya tsira cikin ɗaki fa, wa ke buɗa shi?

Tun 1932 Littafin ya fito cikin Hausa. Dattawan Tsibiri da yawa da shi suka koyi karatu, bisa tabarma, gaban aci-bal-bal. Jikokinsu sun fi su boko da dukiya, amma ɗan kasuwa tun asuba hankalinsa na ga canjin naira da sefa, ma'aikaci kuwa yana lissafin fili da bashin ƙarshen wata. Da dare salula ta cinye sauran lokacin.

Neman abinci ba laifi ba ne, hatsi ya yi tsada. Sai dai mai ba ƙwallon Turai awa biyu ba shi da bakin cewa ya rasa minti goma. Ran Lahadi a kakkaɓe Littafin a tafi sujada, ran Litinin ya koma ƙarƙashin takardun duwan.