WA ZAI RIƘE HANNUN ƊAN AJIN FARKO A ARLIT?

'Yan'uwa shugabannin rassa, da magatakarda, da mata 'yan reshe, muna roƙo a karanta wannan takarda a taron mako, a kuma ɗaga murya saboda waɗanda ba su yi boko ba, gama maganar su ta fi shafa.

Kowace shekara in watan Oktoba ya kama ana buɗe lakwal a ƙasar Nijar duka. Ran nan sai ka ga yara 'yan shekara 6 da 7 an yi musu wanka, an shafe su da mai, an rataya musu jaka, ana jan su zuwa ajin farko, watau CI. Uba ya kai yaro bakin ƙofa, ya gaisa da mushe, ya juya ya tafi neman abinci, a ransa ya sauke nauyi. To, mu cewa muka yi ran nan ne nauyin ya hau. Yaron da ya yi wata uku na farko cikin tsoro da ruɗewa da wuya ya ƙara son karatu, kuma shi ne wanda za a ce wa daƙiƙi a aji biyu, ya maimaita aji uku, ya gudu a aji huɗu. Saboda haka muke so rassa su ɗauki wannan mashigi a kan aikinsu ne, su soma shiri tun damina. Za mu yi misali da Arlit da Akokan don a can cutar ta fi fitowa fili, amma mutumin Tawa ko Madawa ko Tasawa kada ya ce ba da shi ake ba.

Arlit gari ne da haƙar yuraniyom ta haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, garin ya tashi a 1969, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa ya soma aiki a 1978, Akokan kuwa ta zama mazaunin ma'aikatansa. Kamfanonin suka gina wa mutanensu unguwanni masu famfo da lantarki da asibiti. A gefe kuma jama'a suka yi ta kwararowa daga kudu neman aiki, Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani, ga kuma Abzinawa makiyaya waɗanda farin 1973 da na 1984 suka cinye wa dabbobi. Waɗannan suka kafa bukkokinsu a bayan unguwannin kamfani, har wata unguwa ta ci sunan Bukkoki.

Tun daga nan garin yake haifar yara iri biyu, kuma a kan benci ɗaya na ajin CI suke gamuwa. Ga ɗan ma'aikaci wanda ya yi shekara biyu a makarantar ƙananan yara da ake ce wa jardan. Ya iya riƙe alli, ya san a ɗaga hannu a nemi izini, kunnensa ya saba da Faransanci. Kusa da shi ga ɗan mai garuwa, ko ɗiyar mai tuyar ƙosai, ko ɗan makiyayi, wanda bai taɓa zama cikin ɗaki awa huɗu ba tare da uwarsa ba. Aji cike maƙil, mushe ɗaya ne, dole ya bi waɗanda ke amsa masa. Na biyun ya yi tsit, ba don Allah bai ba shi basira ba, sai don an fara tseren shekara biyu kafin ya iso fili. Kuma kada a zaci su ne kaɗan. A ƙididdigar shekarun baya yaran Nijar da ke shiga jardan ba su wuce ɗaya cikin goma ba.

Yanzu kuma al'amari ya ƙara juyawa. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata wajen 600 suka bar aiki, ban da na 'yan kwangila. Gidajen da suka dogara da albashi suka shiga halin da maƙwabtansu na bayan gari suka daɗe a ciki. Tun 2014 kuma zinariyar Jado da Cibarakaten ke janye maza zuwa daji wata da watanni, a bar uwa ita kaɗai da yara. A watan Yuni 2025 gwamnati ta ce ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko me mutum zai ce a kan wannan, abu guda ya tabbata: zamanin da ake zuba ido kamfani ya yi wa gari kome ya wuce. In ma'adinin namu ne, to yaran da ke wasa a kansa ma namu ne, kuma su ba su jiran farashi ya tashi kafin su cika shekara bakwai.

Babban dutsen da yaro ke tuntuɓe da shi a ƙofar lakwal harshe ne. Ku duba ɗan Ba'abzine na Arlit. A gida Tamajak yake ji, a titi da kasuwa Hausa, ran da ya shiga aji kuwa mushe ya buɗe baki da Faransanci, ya ce masa a wannan harshe na uku zai koyi baƙi da wasali, da shi zai yi lissafi, da shi ma zai roƙi izinin fita fitsari. Ku gaya mana, wane dattijo ne a cikinmu za a zaunar a ce ya koyi karatu da harshen Sinawa, ya jure mako guda? Amma muna ɗora wa ɗan shekara shida wannan, in ya kasa mu ce ba ya ja.

Ba zance muke yi a iska ba. A 2014 an yi wani awo da ake kira PASEC a ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci. A Nijar, wajen yara tara cikin goma na aji biyu ba su kai matsayin da ake bukata wajen harshe da karatu ba. Awon 2019 ya nuna an sami ci gaba, mun gode wa malaman da suka yi wahalarsa, amma har a lokacin fiye da rabi suna baya. Abin takaicin shi ne an daɗe da sanin maganin. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa, daga baya aka yi irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba harsunan gida wuri a azuzuwan farko. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya ana gwaji! Tuwon da aka yi shekara hamsin ana ɗanɗanawa, yaushe za a zuba a akushi?

A watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mu masu rubutu da Hausa ba za mu ɓoye farin cikinmu ba. Amma a nan muke jan kunnen 'yan'uwanmu Hausawa na Arlit da Akokan da Cirozerin da Ingal. Ga yaron da ya tashi da Tamajak ko Fulatanci, Hausa ma baƙon harshe ce, ko da ya fi kusa da ita. Wanda ya san zafin a koya masa karatu da harshen wani bai kamata ya ɗora wa ɗan maƙwabcinsa irin wannan kaya ba. Abin da za mu nema wurin darekta da sufeto shi ne a sa malamin da ke jin harsunan unguwar a ajin farko. In ba a samu ba, a yarda wata uwa mai jin Tamajak da Hausa ta zauna a bayan aji makonnin farko, tana yi wa yara tafinta, tana lallashin mai kuka. Wannan ba ya cin kuɗin gwamnati ko dala.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata a kashe. Sau da yawa tsohon malami gwani ake ba ajin ƙarshe saboda jarrabawa, ajin farko kuwa a jefa wa sabon ɗan kwantiragi wanda jiya ya fito, wai ai yara ne. An juya abin. Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗan CM2 yana iya buɗe littafi ya taimaki kansa, ɗan CI ba shi da kowa sai wanda ke tsaye gabansa.

Haka ma maganar ɗaki. In azuzuwa sun kasa, ƙananan ake turawa rumfar zana, manya su zauna cikin gini. Ba mu manta ba da ran 13 ga Afrilu 2021, da wuta ta kama rumfunan wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙanana. Ba a cika wata bakwai ba, ran 8 ga Nuwamba, aka sake yin haka a Maraɗi, yara fiye da 25. Allah ya jiƙansu. Ƙaramin yaro bai san hanyar gudu ba. In dole wani ya zauna a zana, kada ya zama shi. Mutanen Arlit kuma suna da nasu ƙarin hattara. Masu awo na CRIIRAD a 2003, da na Greenpeace a 2009, sun tarar da tarkacen ƙarfe mai gubar ma'adinin a kasuwa, na biyun kuma sun sami wurare a titunan Akokan inda gubar ta wuce kima. Saboda haka in iyaye za su yi gayyar kafa rumfa ko ƙera benci, kada a sayi tsohon ƙarfe ko a ɗebo ƙasar ciko sai an san inda suka fito.

To, me reshe zai yi da hannunsa? Tun watan Yuli a bi unguwa gida gida, a rubuta sunan kowane yaro da zai isa shiga, mace da namiji, har na bukkokin bakin gari da na baƙin da suka sauka bana. Mata 'yan reshe su ne za su yi wannan, don su ke shiga cikin gida, su uwa za ta gaya wa gaskiyar abin da ya sa ake so a ɓoye yarinya. A tambayi takardar haihuwa. Wanda ba shi da ita a raka ubansa ofishin magajin gari, in lokacin yanka ta ya wuce a bi ta hannun alƙali, tun yanzu, kada a bari sai ranar da yaro zai wuce kwaleji a fara gudu.

Saura mako biyu a buɗe, a roƙi darekta ya bar ƙofa a buɗe yini ɗaya. A kawo yara da iyayensu su ga ajin, su ga mushen, a nuna wa yaro randar ruwa da makewayi. Kada ku raina wannan na ƙarshe. Yara da yawa sun ƙi lakwal saboda sun ɓata wando ran farko an yi musu dariya, ba kuwa za su faɗa wa kowa dalili ba. Sa'an nan kowane sabon shiga a haɗa shi da wani ɗan CM1 na layinsu, ya zama yayansa na makaranta, su tafi tare su komo tare, ya tsare shi daga masu ƙwace masa ƙosai.

A je kuma a gai da malaman allo, da ladabi. Yawancin yaran nan daga hannunsu suke fitowa, sun riga sun koyi zama da sauraro da hadda, wannan kuwa jari ne babba. A daidaita lokaci da su yadda yaro zai sami duka biyu ba tare da ya sha bulala nan ya sha can ba. A kuma tuna wa mushe cewa yaron da ya saba bin rubutu daga dama zuwa hagu, in ya juya baƙaƙen boko a makonnin farko, ba wauta ba ce.

Iyaye su ma suna jin tsoro, sai dai ba su kuka a fili. Uban da bai yi boko ba yana jin nauyin tsayawa gaban mushe, gani yake za a raina shi, sai ya ƙaurace wa makarantar gaba ɗaya. Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, da ƙungiyar iyaye, da ta uwaye mata, amma in an kira taro da Faransanci da ƙarfe goma na safe, lokacin da mai aikin rami ke rami, mai talla ke kasuwa, wa ake tsammani? 'Yan reshe su shiga waɗannan kwamitoci, su sa a riƙa taro bayan la'asar, da harshen da mutane ke ji. A wurin a gaya wa uwa cewa ko ba ta san bihim ba tana da aiki: ta ba yaro koko ko fura kafin ya fita, ta cika masa gorar ruwa, ta kwantar da shi da wuri, da dare ta ce ya nuna mata abin da ya rubuta a allonsa, ta yaba. Ta yi masa tatsuniya, ta sa shi ya maimaita, ta ba shi dabino ya ƙirga. Yaron da ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da harshen uwarsa ya riga ya yi rabin hanyar karatu.

Kwana arba'in bayan buɗewa a ɗauko takardar sunayen nan, a je aji a duba wa ke nan, wa ya ɓace. A sake dubawa cikin Disamba, gama sanyin Arewa da ƙurarsa su ke zaunar da yaron da ba shi da rigar sanyi, in kuwa ya yi mako biyu a gida da wuya ya koma don kansa. Duk wanda aka rasa, mutum biyu su je gidansu ran nan, ba da faɗa ba, su ji dalili. Magatakardan kowane reshe ya aiko mana da adadin yaran da aka rubuta, da na waɗanda ba su da takardar haihuwa, da sunayen makarantun da ajin farkonsu ke cikin zana, kafin ƙarshen watan Agusta.