Zabura ta 73 da albashin da ba ya kai ƙarshen wata

'Yan'uwa, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in faɗa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, albashina ba ya wuce tsakiyar wata. Shekara 18 ina aikin gwamnati, har yau gidan haya nake. Wanda muka kama aiki rana ɗaya kuwa ya gina gida biyu, kuma kowa ya san ta inda kuɗin ke shigowa.

Kwanaki wani ɗan kwangila ya saka mini ambulan cikin fayil don takardarsa ta tsallake layi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban mayar nan take ba. Kuɗin makarantar 'yata na jira, sai na jefa ta a durowa na tafi gida.

Da barci ya ƙi zuwa, na buɗe Zabura ta 73. Asaf, Balawen da Dawuda ya sa kan waƙoƙin sujada, bai yi wa Allah kwana-kwana ba. Ya amsa cewa ya yi ƙyashin mugaye da ya ga suna ta bunƙasa, har ya soma tunanin riƙon gaskiyarsa asara ce. Sai da ya shiga gaban Ubangiji hankalinsa ya dawo. Abin da ya taɓa ni shi ne, ba a ba shi dukiya a ƙarshe ba. Kusanci da Allah ya samu, ya ce ya ishe shi.

Ga inda nake da ƙorafi da majami'unmu. Kullum waƙar nasara, kullum shaidar sabuwar mota. Wanda aka sace ɗan'uwansa a hanya, ko gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, wace addu'a muka koya musu? Alhali cikin zabura 150 kaso mai yawa kuka ne da ƙorafi. Zabura ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare, ba a gyara ta ba, aka bar mana ita cikin Littafi Mai Tsarki.

Wani zai ce ai gunaguni zunubi ne. To, da bambanci tsakanin mai yi da Allah a bayan ido da mai kai kukansa gabansa. Yaron da ke yi wa ubansa kuka bai bar gida ba.

Washegari na mayar da ambulan ɗin. Kuɗin makaranta kuwa rance na ci a adashin ofis, har yanzu ina biya.

Fastocinmu, don Allah ku riƙa karanta mana zaburoyin makoki ranar Lahadi. Ku kuma iyaye, ku koya wa yara su tun yanzu, ranar buƙatarsu na zuwa.

Ubangiji ya riƙe mu.