Annoba Ta Hana Taro, Ba Ta Sauke Hakkin Maƙwabci Ba

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A watan Afrilu na 2020 cutar korona ta ɗaure wa zumunta ƙafa a birnin Kano, daidai lokacin da aka fi bukatarta. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Kano ranar 11 ga watan, kafin wata ya ƙare kuma masu haƙar kabari suka fara kokawa da yawan gawawwakin da ake kai musu. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurnin rufe jihar har mako biyu. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma mai yiwuwa cutar ce sanadin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Cikin waɗanda aka rasa a wannan tsakani har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila.

Manya dai an ji sanarwar rasuwarsu a rediyo. To amma sauran ɗaruruwan fa? Kowannensu ya bar gida, da matar da za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, da yara, sau da yawa har da bashi. A al'ada, da zarar an dawo daga maƙabarta sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har kwana uku. Maƙwabta su ɗora tukunya, mata su zauna da mai takaba, dattawa su bincika basusuka, su shirya rabon gado da riƙon marayu. Zaman makoki ke nan, kuma shi ne agajin farko da iyalin mamaci kan samu.

Da dokar kulle ta hana wannan zama, sai jama'a suka rabu biyu, kowane ɓangare da kuskurensa. Wasu suka yi biris da gargaɗin likitoci, suka ci gaba da cincirindo da musafaha, alhali tsofaffin da kan cika wurin ta'aziyya su cutar ta fi kayarwa. Ko a Abuja, cunkoson da aka gani a maƙabartar Gudu wajen jana'izar Malam Abba Kyari ranar 18 ga Afrilu ya jawo suka mai yawa. Wasu kuwa tsoro ya sa suka ƙaurace wa gidan rasuwa ɗungurungum, suka haɗa wa mai takaba zafi biyu, na rashin miji da na gudun dangi.

Addini bai bar kowa cikin duhu ba a kan wannan al'amari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinsa. Shi ne kuma ya umurci a dafa wa iyalin Ja'afar abinci lokacin da ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, ya kuma sallaci Sarki Najjashi na Habasha daga Madina ba tare da gawa a gabansa ba. Ashe ana iya sauke hakkin mamaci da na iyalinsa ko da nisa ya shiga tsakani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona a watan Mayu na 2023, amma wanda ya tuna sanƙarau na 1996, ya kuma ga yadda kwalara kan dawo da damina, ya san wata annobar na nan tafe. Don haka kamata ya yi kowane mai unguwa, tare da limamai da shugabannin mata, ya kafa ɗan kwamiti tun yanzu. Aikinsa shi ne riƙe sunayen gidajen da aka yi rashi, da tsara wanda zai ajiye abinci a bakin zaure kowace rana, da wanda zai riƙa buga waya har mai takaba ta fita, domin kaɗaici ya fi tsanani bayan an naɗe tabarmi. Wajibi ne ma'aikatar lafiya ta horar da masu wankan gawa, ta ba su safar hannu da takunkumi. Hukumomin zakka kuma su sa marayun annoba a sahun gaba.

Ma'aikatan gwamnati na da nasu rabon. Fayil ɗin haƙƙoƙin marigayi da ya kwana a kan tebur wata da watanni yunwa ce a wani gida, kuma jami'in da ya gaggauta sa hannu ya yi ta'aziyyar da ta fi ta baki. Ɗalibai su ma za su iya cike wa gwauraye takardu, su koyar da marayun unguwa karatu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyalansu haƙuri, amin.