Kwamfutar Gida Ta Yi Nauyi: Cuta Ce ko Tsufa?

A duk ƙarshen zangon karatu, lokacin da ɗalibai ke fafutikar miƙa kundin bincikensu, kuka ɗaya ne ke yawaita a jami'o'inmu: kwamfuta ta yi nauyi, bairos ya shige ta. Daga nan sai a kai ta wurin mai gyara, shi kuwa sau da yawa maganinsa guda ne, ya goge komai ya ɗora sabuwar Windows. Na ga waɗanda aikinsu na shekara biyu ya salwanta ta wannan hanya, alhali da an tsaya an duba, yini guda ya isa.

Ba kowane nauyi ne cuta ba. Kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan yi zafi, kuma da gangan take rage gudu don kada ta ƙone. Haka nan wadda ma'ajiyarta ta cika maƙil. Waɗannan tsufa ne da rashin kula.

Muguwar manhaja tana da nata alamomin. Fanka na ta gurnani alhali ba aikin da ake yi; data na ƙarewa ba dalili; tallace-tallace na faɗowa a kan allo; shafin farko na burauza ya sauya ba da saninka ba. Idan ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe ya nuna maka manhajar da ke cinye ƙarfin na'urar. Baƙon suna da ya riƙe kaso mafi tsoka abin tuhuma ne, domin akwai manhajojin da ke haƙar kuɗin kirifto da na'urarka da wutarka, ribar kuma ta tafi aljihun wani.

Amma ni a ganina nauyin shi ne mafi ƙanƙantar ɓarna. Wadda ta fi haɗari ita ce mai kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza, na imel da na banki, ba tare da ta rage gudun komai ba. Sai mai garkuwa da fayiloli har a biya fansa. A watan Mayun 2017 WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta durƙusar da ayyuka a asibitocin gwamnatin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da gyaran da ke toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda abin ya shafa ba su sabunta na'urorinsu ba ne.

A wurinmu ƙofofi biyu ne suka fi shigo da cutar. Ta farko filashin da ake yawo da shi daga shagon buga takardu zuwa gida. Kowa ya san wadda ke mayar da folda ta zama 'yar alama mai kibiya. Fayilolin suna nan, ɓoye su ta yi, kuma danna alamar ne ke kunna ta. Ta biyu manhajojin sata. Abin mamaki, umarnin ɗora su yakan fara ne da cewa a kashe riga-kafin kwamfuta, mu kuma mu kashe da hannunmu, kamar mai gidan da baƙo ya ce ya sallami maigadi kafin ya shigo.

To, ina mafita? A fara kwafe takardu da hotuna zuwa wata ma'ajiya ta daban, ban da manhajoji. Windows 10 da 11 suna zuwa da riga-kafinsu, Microsoft Defender, kuma ya wadatar wa mai amfanin gida. A bar shi ya sabunta kansa, a katse intanet, a sa shi ya yi cikakken bincike. Yana kuma da wani binciken da ke sake kunna na'urar ya duba ta kafin Windows ta tashi, lokacin da cutar ba ta farka ba balle ta ɓuya. Wannan shi ne mutane suka fi tsallakewa. Mai son ƙarin tabbaci ya sauke Malwarebytes na kyauta daga shafin kamfanin, ya bincika da shi. Tara riga-kafi biyu ko uku suna gadi lokaci guda kuwa nauyi kawai yake ƙarawa. Bayan haka a cire duk manhajar da ba a san wanda ya ɗora ta ba, har da 'yan ƙarin da ke maƙale a burauza, a sauya kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta. Saƙon da ya faɗo daga wani shafi yana ihun an gano cuta, a kira lamba kaza, shi kansa tarko ne.

Goge komai yana da muhallinsa: idan cutar ta dawo bayan duk wannan, kuma sai an tabbatar an kwafe takardu. Mai Windows 7 kuma ya sani tun watan Janairun 2020 aka daina aiko mata da gyaran tsaro, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a watan Oktoban 2025. Irin wannan na'ura ko an wanke ta tas, ban ba da shawarar a shiga asusun banki da ita ba.