Gwanintar Takalmin Taya Ba a Kasuwa Ake Sayenta Ba

Samari da yawa sun ɗauka tsadar takalmin taya ce ke mayar da mutum gwani. Ni ban yarda da wannan ba.

Gaskiya ne takalmin gwanaye daban yake. Masu wasan silalom, wato zilliya tsakanin 'yan kofunan roba 20 da aka jera da tazarar santimita 80, sukan ɗaura tayoyin tsakiya biyu masu faɗin milimita 80, na gaba da na baya kuwa 76, domin ƙafa ta juya nan take. To, wannan saurin juyawar shi ke kayar da sabon shiga.

Abin da ke taimakon mutum ya tsaya daidai yana can cikin kunne: wasu 'yan bututu uku masu ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyawar da kai ya yi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai da maimaici take koyo, ana faɗuwa ana tashi.

Mai faɗuwa hannu yake miƙawa, shi ya sa wuyan hannu ya fi ko'ina karyewa. Don haka, ɗalibi, sayi takalmi mai rahusa, sauran kuɗin ka nemi makarin wuyan hannu da hular kwano.